Babi na Biyar: Shaidar Ido da Hukuncin Ƙwaƙwalwa

Fataken da ke ƙetare hamada daga Agadas zuwa Bilma don ɗauko gishiri da dabino sun san wani ruwa wanda ba a sha, ba a alwala da shi, ba a kuwa taɓa isa bakinsa. In rana ta take, rairayi ya ɗauki zafi, sai madugu da jama'arsa su hangi tafki shimfiɗe a gabansu yana ƙyalƙyali, har da siffar duwatsu a kife cikinsa, amma kome saurin raƙumi tafkin nan yana gaba, kome ƙishin mai ƙishirwa kuwa ba ya jawo shi kusa. Wannan ita ce kawalwalniya, wadda Alƙur'ani mai girma ya buga misali da ita cikin Suratun Nur, kuma ba lalle sai mutum ya shiga hamada ba, domin duk wanda ya bi kwalta da tsakar rana cikin watannin bazara ya gan ta kwance a kan hanya, motocin da ke tahowa kamar suna iyo a cikinta.

Sababinta sananne ne. Ƙasa in ta yi zafi sai ta dumama iskar da ke dab da ita, iska mai zafi kuwa ba ta kai ta samanta kauri ba, shi kuma haske in yana ratsawa daga iska mai kauri zuwa marar kauri ba ya tafiya a miƙe, tanƙwarewa yake yi, irin tanƙwarar da ke sa sanda miƙaƙƙiya ta bayyana a karye in an tsoma rabinta cikin ruwa. Saboda haka hasken da ya gangaro daga sararin sama, yana shirin taɓa ƙasa, sai ya lanƙwaso ya hau zuwa idon matafiyi ta ƙasa. Wani masanin hisabi Bafaranshe, Gaspard Monge, wanda ya bi rundunar Napoliyon zuwa Masar a 1798, ya rubuta bayanin al'amarin bayan ya gan shi da idonsa a can. To, abin lura a nan shi ne ido bai yi ƙarya ba ko kaɗan, don ko na'urar ɗaukar hoto aka kafa a wurin, za ta ɗauko tafkin nan yadda yake. Ido shaida ne, ya kuwa faɗi gaskiya, ya ce ga shuɗin sama yana zuwa daga ƙasa yana rawa. Wanda ya yanke hukunci ya ce ruwa ne alƙali ne da ke zaune a bayan ido, kuma yana da uzuri babba, domin tun ranar da aka haifi mutum bai saba ganin sama kwance a ƙasa ba sai a fuskar ruwa.

Cikin malaman da, babu wanda ya tsaya ya rarrabe tsakanin shaidan nan da alƙalin nan, da hujja da gwaji, kamar Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bar wa duniya Kitabul Manazir mai maƙala bakwai. A zamaninsa masana da yawa suna bin Uklidis da Batlamiyus a kan cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya shafi abin da ake kallo. Shi kuwa ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Amma abin da ya fi wannan zurfi shi ne da ya ce tsantsar gani ba ta riskar kome sai haske da launi, sauran duka, nisa ne ko girma, siffa ce ko motsi, ana samunsu ne ta hanyar tantancewa da ƙiyasi da tuna abin da aka taɓa gani, sai dai ƙiyasin yana gudana da sauri ƙwarai, saboda yawan maimaici, har mutum ba ya jin yana yin sa. Ya buga misali da gwanin karatu, wanda ke gane kalmar da ya saba da ita da kallo ɗaya ba tare da ya bi baƙaƙenta ɗaya bayan ɗaya ba. Maƙala ta uku ta littafin ya keɓe ta kacokan ga kurakuran gani, ya lissafa sharuɗɗa takwas waɗanda sai sun daidaita gani ke inganta: matsakaicin nisa, da fuskantar abu, da wadatar haske, da gwargwadon girma, da kaurin jikin abin, da garau ɗin iska, da isasshen lokaci, da lafiyar ido. In ɗaya ya kauce wa kima sai ƙiyasi ya karkace. Mutanen Kano sun san na iska ko ba su karanta littafin ba, domin da hunturu, in hazo ya sauka, sai a ga Dutsen Dala kamar ya ja da baya, bayan ruwan farko kuwa, in ƙura ta kwanta, sai ya matso har a ga mutanen da ke kansa. An fassara littafin zuwa Latin wajen shekara ta 1200, an buga shi a birnin Basel a 1572, kuma a 1867 Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya sake kafa wannan magana ta ƙiyasin da ba a jin yin sa, wadda masana gani ke ginawa a kanta har yau.

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa alƙalin ke buƙatar ƙiyasi, me zai hana ya karɓi abin da shaida ya kawo ya miƙa mana yadda yake? Amsa ita ce abin da shaidan ke kawowa bai isa ba. Hoton da ke faɗawa a tantanin bayan ido a kife yake, sama a ƙasa, dama a hagu, kamar yadda Johannes Kepler ya bayyana a 1604. Shimfiɗaɗɗe ne kuma, ba shi da zurfi, har ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa su kan bar tabo iri ɗaya. Ƙwayoyin da ke karɓar haske a kowane ido sun kusa miliyan 100, amma zaren jijiyar da ke kai labari ƙwaƙwalwa bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba, wato an taƙaita bayanin tun kafin ya bar ido. Bugu da ƙari, a daidai inda jijiyar nan ta huda tantanin ta fita babu ƙwayar gani ko ɗaya, saboda haka kowane ido yana da gurbin makanta, wanda Edme Mariotte, wani malamin coci Bafaranshe, ya gano ya kuma bayyana a 1668.

Wannan kam ya kamata mutum ya gwada da kansa, kada ya tsaya ga ji. A sami farar takarda, a yi ɗan tauraro a hagu, a yi baƙin ɗigo mai girman ƙwayar wake a dama, tsakaninsu kamar faɗin yatsu huɗu ko biyar. A rufe idon hagu, a kafa na dama a kan tauraron kada ya motsa, a miƙe hannu da takardar sa'an nan a riƙa jawo ta a hankali zuwa fuska. In ta zo kamar taƙi ɗaya da rabi, ɗigon zai ɓace ɓat, in an ƙara matso da ita ya dawo. Ɓacewar ɗigon ba ita ce abin mamaki ba. Abin mamaki shi ne ba a ganin rami ko duhu a gurbinsa, farar takarda ake gani sumul, in kuwa takardar rawaya ce rawaya za a gani. Ƙwaƙwalwa ta duba abin da ke kewaye da gurbin ta cike shi da irinsa, ba ta kuwa nuna mana inda shaida ya tsaya da inda ita ta ɗora ba. Mutum yakan rayu shekara saba'in da wannan ciko a kowane ido bai taɓa sani ba, kuma ni dai ban ga aibi a cikin wannan ba, rahama na gani, don da ana nuna mana ramukan nan biyu kullum da ba mu sami natsuwar kallon kome ba.

Mafi yawan ruɗun da aka fi sani daga wajen nisa da girma suke fitowa. A 1889 wani Bajamushe mai suna Franz Müller-Lyer ya zana layuka biyu masu tsawo ɗaya, ya sa wa ɗaya kan kibiya a kowane ƙarshe, ɗayan kuma ya juya masa fikafikan suka buɗe waje kamar gwafa. Kowa ya duba sai ya rantse mai gwafa ya fi tsawo, a kawo ma'auni a gwada a ga daidai suke, a ɗauke ma'aunin ya koma ya fi tsawo. Wasu masana uku na Amurka, Segall da Campbell da Herskovits, sun sa an nuna irin wannan zane ga mutum kusan 1,900 a ƙasashe dabam-dabam, mafi yawansu a Afirka, suka buga sakamakon cikin littafi a 1966, inda aka ga mutanen garin Evanston na kusa da Chicago sun fi kowa ruɗuwa, mafarautan hamadar Kalahari kuwa da ƙyar zanen ya taɓa su. Suka fassara wannan da cewa wanda ya tashi cikin ɗakuna masu kusurwa huɗu, ya saba da lungun bango da kaifin gini, idonsa kan ɗauki zanen a matsayin kusurwa mai shiga ciki ko mai fitowa waje, ya gyara tsawon bisa haka, abin da wanda ya tashi a bukka cikin fili ba shi da dalilin yi. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta cinye mas'alar ba, domin a 2015 Pawan Sinha da abokan aikinsa sun ba da labarin yara a Indiya waɗanda aka haifa da yanar ido mai kauri, aka yi musu aiki suka fara gani bayan sun girma, aka nuna musu zanen cikin kwana biyu da buɗe ido, suka ruɗu kamar kowa. Ashe wani sashe na ƙiyasin nan da shi ake zuwa duniya, sabo yana ƙara shi ne ko ya rage.

Ruɗin da ya fi kowanne tsufa a littattafai, ya kuma fi wuyar warwarewa, shi ne na wata. Daren goma sha huɗu, in ya ɓullo daga gabas ta bayan itatuwa da soraye, sai a gan shi ƙato, jawur, in kuwa ya hau tsakiyar sama sai ya ƙanƙance, har mutum ya ce ba shi ba ne. Mutanen da sun ɗora laifin a kan tururin da ke kusa da ƙasa, suka ce shi ke faɗaɗa shi kamar yadda ruwa ke faɗaɗa abin da ke cikinsa, amma awo ya ƙaryata wannan: faɗin wata a sama kimanin rabin daraja ne, a gefen sama ko a tsakiya, hotunan da aka ɗauka a dare ɗaya sun nuna girma ɗaya, iska kuwa in ta yi wani abu ma ɗan matse shi take yi daga sama zuwa ƙasa. Hasali ma lokacin fitowarsa ya fi nisa da mai kallo da wajen kilomita 6,000 a kan lokacin da yake bisa kai. Wanda ke shakka ya riƙe ƙwayar wake tsakanin yatsu biyu, ya miƙe hannu, ya rufe ido ɗaya. Za ta rufe watan da magariba, za ta rufe shi da tsakar dare. Ko kuwa ya naɗe takarda ya leƙa ta cikinta yadda itatuwa da gidaje za su fita daga gani, zai ga ƙaton watan nan ya sauko zuwa girmansa na kullum. Ɗan Haisam ya mayar da mas'alar inda ta dace, wato cikin kan mai kallo. Ya ce muna gane nisa ne ta abubuwan da ke jere tsakaninmu da abin da muke hange. Wajen gefen sama akwai gonaki da tuddai da garuruwa masu shaidar nisa, bisa kai kuwa ba kome, saboda haka sama kan zama mana kamar rufi mai faɗi wanda tsakiyarsa ta fi gefensa kusa, abu biyu kuwa in sun bar tabo ɗaya a ido, wanda aka ɗauka ya fi nisa shi za a hukunta ya fi girma. Masana na wannan zamani ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba tukuna, domin in ka tambayi mutane za su ce maka ƙaton watan kusa suke ganinsa ba nesa ba, amma duk sun yarda da shi a kan asalin magana, cewa girman nan ba a sama yake ba.

Launi ma haka. Gawayi a tsakar rana yana aiko wa ido haske fiye da farar takarda a ɗaki mai duhu-duhu, duk da haka gawayi baƙi muke ganinsa takarda kuwa fara, domin ƙwaƙwalwa tana ƙiyasta hasken wurin ta cire shi daga lissafi, don ta kai ga launin abin na ainihi. In ta kuskure ƙiyasin hasken sai ta kuskure launin, shi ya sa mai sayen shadda a Kantin Kwari, in ya san abin da yake yi, ba ya yarda da fitilar shago, sai ya ce, “Alhaji, bari in fita da ita in gani a rana.” A 1995 Edward Adelson ya zana allo mai gidaje fari da baƙi, ya jefa inuwa a kan sashensa, ya shirya shi yadda wani farin gida na cikin inuwa da wani baƙin gida na waje tawada ɗaya ce tak aka shafa musu, amma ba mai yarda sai an rufe sauran allon an bar su su biyu. A watan Fabrairu na 2015 kuwa hoton wata riga ya zagaye duniya ta intanet, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan zinariya, wasu na rantsuwa shuɗiya ce da baƙi, wadda ita ce gaskiyar rigar; hoto ɗaya suke kallo, sai dai kowane ɓangare ya ƙaddara wa wurin haske dabam ba tare da ya sani ba.

Na motsi ba sai an tsawaita ba: wanda ke zaune cikin jirgin ƙasa a tasha yakan ji nasa ya tashi alhali na kusa da shi ne ya motsa, wata kan yi kamar yana gudu alhali gajimare ne ke wucewa, wanda kuma ya daɗe yana kallon kogi in ya mai da ido ga gaɓa sai ya ga duwatsu na tafiya, abin da Aristotal ya lura da shi tun kafin Miladiyya. Sai dai a nan ne wasa ke ƙarewa. Herschel Leibowitz ya yi bayani a 1985 cewa babban abu yakan bayyana yana tafiya a hankali fiye da ƙarami mai gudu iri ɗaya, ya kuwa danganta wannan da yawan mutanen da jirgin ƙasa ke takewa a mahaɗar dogo da hanya bayan sun gan shi sarai, suka ɗauka za su riga shi wucewa. Direban da ya hangi fitila ɗaya cikin dare ya ce babur ne, ya raɓe kaɗan, ashe tirela ce mai mataccen ido ɗaya, shi ma ƙiyasi ya yi, irin wanda ya fisshe shi sau dubu kafin wannan dare.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a mafi yawan al'amura haka ne, amma malaman Musulunci ba su bar maganar a sake ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo cikin littafinsa Almunƙizu minad Dalal cewa ido kan ga inuwa a tsaye, bayan sa'a guda a tarar ta gusa, kan kuma ga tauraro kamar dinari alhali hujjar handasa ta nuna ya fi duniya girma, ya kafa wannan dalili a kan cewa akwai mai hukunci bisa gani. Wahalar ita ce sanin gaskiya ba ya kawar da ruɗin; wanda ya auna layukan nan sau goma zai ci gaba da ganin ɗaya ya fi tsawo, kuma mai gaskiya da amana yana iya rantsewa a kan abin da bai auku ba ba tare da ya yi ƙarya ba. Babu inda wannan ya fi shafar mu kamar duban jinjirin wata, lokacin da jama'a ke tsaye bayan magariba kowa na ɗokin ya gani, ga bakin gajimare mai lanƙwasa, ga Zara na ƙyalli, ga farin hayaƙin jirgin sama. André Danjon ya nuna a 1932 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen daraja 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa ga ido. Doggett da Schaefer kuma, da suka tattara rahotannin masu duban wata a Amurka suka buga a 1994, sun tarar kimanin 15 cikin 100 kan ce sun gani a halin da ganin ba ya yiwuwa. Fiƙihun Malikiyya ya riga ya yi tanadi tun kafin waɗannan alƙaluma: ba a tsayar da wata ga jama'a sai da adalai biyu ko taro mai yawa wanda ba zai haɗu a kan ƙarya ba, in kuwa an yi aiki da shaidar mutum biyu, aka cika kwana 30, sama garau, ba a ga wata ba, sai a rushe shaidarsu.

Ɗan Hallikan ya kawo cikin tarihinsa na mashahuran mutane cewa wata rana mutanen Basra sun fita duban watan Ramalana, cikinsu har da Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, hadimin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a lokacin kuwa ya kusa shekara 100. Anas ya ce ya ga wata, yana ta nuna wurin da hannu, jama'a suna dubawa ba su ga kome ba. Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra, wanda ake buga misali da kaifin basirarsa, bai musa wa dattijon ba, bai kuma ci gaba da duban sama ba. Fuskar Anas ya duba, sai ya ga wani farin gashi daga girarsa ya tanƙwaro ya sauko gaban idonsa. Ya sa hannu da ladabi ya shafe shi ya mayar da shi cikin 'yan'uwansa, sa'an nan ya roƙe shi ya sake nuna musu wurin. Anas ya duba, ya sake dubawa, ya ce yanzu kam ba ya ganinsa.